Shekara guda a wani gidan ɗaga ƙarfe a Jos: ƙarfen ya yi, tsarin cin kocinsu ne bai yi min ba

Abokai sun dame ni da tambaya wai ina nake zuwa ɗaga ƙarfe kuma ya wajen yake, toh yau bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta. Wajen yana ta ɓangaren Bauchi Road ne idan ka taso daga Terminus, sunan dai ba zan faɗa ba saboda akwai ƙorafi a ciki kuma mai wajen mutumin kirki ne, bana son a ce ni na ɓata masa kasuwa.

Shi kansa wajen gaskiya ba laifi. Ana buɗewa tun bayan sallar asuba, benci biyu ne, dambel, wato ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya, akwai har mai kilo 40, ana share wajen kullum kuma idan aka ɗauke wuta suna tada janareta ba sai an yi ta roƙo ba. Matsalar kawai wajen yin sikwat, wato tsugunawa da miƙewa da ƙarfe a kafaɗa, guda ɗaya ne tak, da yamma idan 'yan jami'a suka cika wajen sai ka tsaya layi kamar gidan mai, wani ma yana kan waya yana ɗaukar kansa bidiyo kai kana jira. Sannan duk mai zuwa da asuba a watan Disamba ya zo da safar hannu, sanyin Jos idan ya kwana a jikin ƙarfe kamar ƙanƙara ka kama.

Inda muka samu saɓani shine tsarin abinci da kocinsu yake sayarwa daban da kuɗin wata. Na shiga ina kilo 71, hannuna siriri amma da 'yar teɓa irin ta mai zaman shago. Ranar farko kocin ya kalle ni sama da ƙasa ya ce "Oga kai ai bolkin za ka fara, ka ci kamar ba gobe wata huɗu jiki ya buɗe, daga baya sai mu yanke kitsen tsoka ta fito." Ya haɗa min da wata ƙatuwar roba ta garin ƙara jiki da yake sayarwa a nan kan teburinsa. Ban karanta bayan robar ba sai da na kusa shan rabi, ashe awo ɗaya ya haura kalori 1,000 kuma mafi yawansa maltodestirin ne, wani sitaci mai saurin zama suga da ake yi da masara, furotin ɗin ciki bai taka kara ya karya ba. Wato dai koko ne mai tsada.

Na bi umarni kuwa wallahi. Safe dankalin turawa da ƙwai da shayi mai kauri, rana shinkafa da wake, la'asar masa, dare tuwo in ɗora tsire sannan in kaɗa garin nan da madara in sha in kwanta cikina kamar ganga, ƙwannafi ya dinga tada ni tsakar dare, uwargida ta fara cewa ina minshari abin da ban taɓa yi ba. Ƙarfi dai ya ƙaru ba zan yi ƙarya ba, benci, wato ƙarfen da nake turawa sama ina kwance rigingine, na tashi daga kilo 40 zuwa 65. Sikeli kuma daga 71 ya kai 80, koci sai murna yake yana cewa aiki na kyau.

Tela ne ya farkar da ni. Gab da azumi na kai ɗinkin sallah wajen telan da ya shekara goma yana min ɗinki, ya buɗe littafinsa ya ga tsohon awona ƙugu inci 33, ya zagaya tef ɗin a cikina ya duba, ya sake zagayawa don ya zaci kuskure ne, 37. Ya ɗago kai yana dariya ya ce "Alhaji ko dai kwangila ta faɗo ne ba a sanar da mu ba?" Na ce auna damtse mu gani. Ƙarin bai kai inci ɗaya ba. Shikenan jikina ya yi sanyi.

Daga baya da na zauna na yi lissafi abin a bayyane yake. Sabon shiga ko yana yin komai daidai tsokar da jiki zai iya ginawa a wata bata wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya, kuma ba wai idan ka ninka abinci ginin zai ninka ba, magini ɗaya ne komai yawan bulon da ka jibge masa, ragowar sai jiki ya ajiye shi kitse. Kenan a kilo 9 ɗin nan da kyar uku ne tsoka. Ƙarin da ake buƙata don gini bai wuce kalori 200 zuwa 300 a rana kan abin da jiki ke ƙonawa ba, gyaɗa giram 50 ta biya wannan, ni kuwa ina zuba fiye da dubu. Kuma fitar da shi ba wasa ba ne, kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, ko ka rage 500 kullum sai ka yi wajen sati biyu kafin kilo ɗaya ya tafi, kilo shida ka ga wata uku kenan na yunwa don gyara ɓarnar da da kuɗinka ka saya.

Yanke kitsen sai ya faɗo cikin azumi, shi kuma koci ya ce ba tuwo ba shinkafa ba ƙosai, kabeji da karas da kifi kawai a buɗe baki. Haba. Sati shida na yi na sauka 75 amma benci ya koma 55, ina jin jiri a tarawihi, yara ma sun san kada su matso kusa da ni kafin magariba. Sauka mai kyau bata wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati ga mai nauyina, kuma sai da furotin isasshe da ci gaba da ɗaga nauyi, in ba haka ba har tsokar da ka sha wahalar ginawa take tafiya, ni ma tawa wata ta bi ruwa.

Akwai wani dattijo da muke haɗuwa da asuba, ma'aikacin asibiti ne da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa, ya haura sittin amma kafaɗarsa ta fi ta samarin wajen. Shi ya ja ni gefe ya ce "Ɗana gasa za ka je ne?" Na ce a'a Baba. Ya ce toh wannan hawa da sauka na masu hawa dandamali su nuna jiki ne da waɗanda suka shekara da shekaru a ƙarfe har jiki ya daina amsawa da sauƙi, kai da kake sabo kuma ga ajiya a ciki, ka ci daidai abin da zai riƙe nauyinka, jikin zai ɗiba daga kitsen nan ya yi aikin ginin.

Abin da na koma yi kenan wata biyar yanzu. Abincin gida nake ci in ƙoshi ba tare da na cika tumbi ba, abin da nake lura da shi furotin ne kawai, giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki, nawa ya kama wajen 120 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne don haka idan ƙwai zalla za ka bi sai ka ci ashirin, wa ke da wannan kuɗin, sai nake haɗawa, ƙwai uku da safe, wake ko alala da rana, awara, kindirmo, ƙuli-ƙuli, kifi, kaza idan aljihu ya yarda, da dare sau da yawa gwaten acha da ganye ne. Kiriyatin, wani garin ƙara ƙarfin tsoka, nake sha giram 5 kullum, shi kam yana aiki kuma ya fi garin can arha nesa ba kusa ba, satin farko zai riƙe maka ruwa sikeli ya ɗan hau kada ka tsorata. Ina da ɗan littafi da nake rubuta nauyin da na ɗaga, duk sati ko biyu in ƙara ko da kilo biyu da rabi ne ko ɗagawa ɗaya. Nauyina yana tsakanin 75 da 76 bai motsa ba, ƙugu ya dawo 34, benci 72.5. A hankali yake tafiya kam, akwai watan da za ka kalli madubi ka ga kamar ba abin da ya canza, kuma na san wata rana zai tsaya cak sai na ɗan ƙara ci, amma ɗan ƙari ba irin wancan ba.

In yi wa kocin adalci, ya iya koyar da yadda ake ɗagawa, shi ya gyara min bayana a dedilif, wato ɗago ƙarfe daga ƙasa ka miƙe da shi, lokacin da nake lanƙwasa shi kamar baka, da yanzu ina wajen masu ɗori. Kuma akwai wani ɗalibi siriri kamar kara da tsarin ya karɓe shi sosai, shi dama ba ya ci ne, ƙarin abincin yake buƙata. Laifin kocin shine takarda ɗaya yake ba kowa, mai teɓa da marar teɓa, kuma duk da robar gari a ƙarshenta.

Duk mai son zuwa ya biya kuɗin wata kawai, ya ɗauki kocin wata ɗaya ya koyi tsayuwa da riƙo, tsarin abincin ya bar musu kayansu, kuma ya zo kafin bakwai na safe idan yana son sikwat ba layi. Ragowar garin yana nan saman wadirof mai so ya zo ya ɗauka kyauta, ni yanzu wandon sallar nan nake son mayarwa tela ya rage min ƙugu, ya riga ya ce sai na biya kuɗin aiki.