Kwalar da ke hana kyanwa kamun tsuntsu: na saya, na gwada a kan Gimbiya

Kayan guda biyu ne a leda ɗaya. Akwai siririyar igiyar wuya mai maɓallin roba da 'yar ƙararrawa, sai kuma wani ƙyalle mai launin ja da ruwan ɗorawa da shuɗi da ruwan lemo, an ɗinke shi da rami a tsakiya inda ake zura igiyar. In an ɗaura wa kyanwa sai ƙyallen ya tattare ya buɗe a wuyanta kamar ƙaton ribom ɗin da 'yan mata ke ɗaure gashi da shi. An bi bakinsa da wani farin zare mai ƙyalli idan haske ya doke shi. Wajen wata mai sayar da kayan dabbobi a Instagram na saya, daga Legas aka sa shi a mota zuwa Zariya, kuma kuɗin aikowa ya kusa kamo kuɗin kayan.

Babu sunan kamfani a jikinsa. Kwaikwayo ne na wata kwala da ake yi a Amurka mai suna Birdsbesafe, kuma ita ce masana suka yi gwaji a kanta. Ku riƙe wannan, domin kama da wane ba ta wane. Alƙaluman da zan kawo na ta asalin ne, abin da idona ya gani kuwa na tawa ne.

Don ɓera muka kawo kyanwarmu Gimbiya, saboda sun addabe mu a sito inda muke ajiye masara, kuma ta yi mana maganinsu. Matsalar ita ce ba ta san inda aikinta ya tsaya ba. Muna da bishiyar gwaiba a tsakar gida da famfon da ba ya daina ɗiga, ga tsabar gero da ke zuba in an yi bakace, saboda haka tsuntsaye ba sa rabuwa da mu: kurciya, gwara, da ɗan jan tsuntsun nan baiwar Allah da ke shigowa har bakin kicin ba ya tsoron kowa. Gimbiya tana da wurin fako a bayan turmi. Sai ta kwantar da cikinta a ƙasa, ta lanƙwashe kunnuwa, komai na jikinta ya tsaya cak in ban da ƙarshen jela da ke ɗan motsi. Tana iya yin minti goma a haka. In ta tashi kuwa tsalle ɗaya ne, sai dai ka ga gashin tsuntsu na yawo a iska. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sau da yawa ba ta ci. A bakin ƙofar ɗakina take ajiye shi ta koma gefe tana lasar hannu.

Dabarar kwalar ba ta da wuyar ganewa. Tsuntsu yana ganin launi fiye da mutum: ƙwayoyin gane launi iri huɗu ne a idonsa, mu iri uku gare mu. Kyanwa kuwa duk farautarta ta dogara ne da sajewa da ƙasa da inuwa. In ka rataya mata abu mai ɗaukar ido a wuya, ka tona mata asiri tun tana nesa. Ɓera kuma bai damu da launi sosai ba, da kunne da hanci yake rayuwa, yawonsa ma na dare ne, don haka kwalar ba ta cetonsa. Wannan shi ya fi jan hankalina tun farko, domin ba na son abin da zai mayar da ɓeraye cikin masarata.

Haka ma binciken ya nuna. A shekarar 2021 masana a Jami'ar Exeter da ke Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da kyanwoyi 355 a gidaje 219. Waɗanda aka sa wa kwala mai launi sun rage kawo tsuntsaye gida da kashi 42 cikin 100, amma kamun ɓeraye da danginsu bai canza ba. Kashi 42 bai kai rabi ba, kuma mai sayar da tawa ba ta faɗi haka a tallarta ba. Cewa ta yi kyanwa za ta daina kamun tsuntsu gaba ɗaya. Ba gaskiya ba ne.

A gidana dai an samu sauƙi, sauƙin da ido ke gani. Yanzu in Gimbiya ta laɓe bayan turmi, jan ƙyallen yana leƙowa ta gefe, sai ka ga gwara ta ɗaga kai ta yi ƙara, duk su tashi su koma kan gwaiba suna mata surutu. Baiwar Allah ce ta fi cin ribar abin. Kurciya kuwa har yanzu akan samu tsautsayi, don ita in ta duƙufa cin tsaba ba ta cika waige ba, ga nauyin tashi. Ƙadangaru ma sun samu sa'ida, da ma su ma suna ganin launi. Ɓeraye kuwa tana nan tana kama abinta.

Sai dai kar mai kyanwa ya ruɗi kansa da ƙirgen abin da aka ajiye masa a bakin ƙofa. A jihar Jojiya ta Amurka an taɓa rataya wa kyanwoyin gida ƙananan kyamarori, sai aka ga ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suka kashe ne suke kawowa gida. Sauran ko su cinye a can, ko su bar shi inda ya faɗi. Gimbiya tana haura katanga ta shiga kangon bayanmu, kuma can ɗin ma filin farauta ne.

Ƙararrawar cire ta na yi. Gimbiya ta iya tafiya da ita ba ko ƙas, sai in tana susa ko tana gudu zuwa kwanon abincinta take kaɗawa, wato daidai lokacin da babu wanda ke bukatar gargaɗi. Da dare kuma ta hana mutane barci. Masana ma ba su daidaita a kanta ba: wani gwaji na ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, a 2005 ya ga ta rage kamun tsuntsaye da kashi 41, na Exeter kuwa bai ga wani bambanci ba.

Yanzu ga aibin kayan. Ƙyallen yana zuba. Wankin farko ruwan ya koma ja, kuma ranar bazara da ƙurar hunturu ba sa raga masa, nan da nan launin ya koɗe ya koma kalar ƙasa, alhali launin shi ne maganin. Ɗinkin ma na gaggawa ne, bakin ya fara warwarewa tun tana susa da farce. Da zafi ya tsananta na riƙa cire mata da tsakar rana, lokacin da ma ba ta farauta, tana kwance a gindin randa.

Maɓallin kuwa dole in yaba masa. Irin wanda ke ɓallewa da kansa ne in an finciko shi da ƙarfi. Wata safiya Gimbiya ta dawo wuya ba komai, yara suka tsinto kwalar rataye a reshen gwaiba can sama. Da igiyar da ba ta ɓallewa ce, da ita za mu tarar a rataye. Duk wanda zai ɗaura wa kyanwa wani abu a wuya, ya tabbata irin wannan maɓalli ne, kuma ya bar sararin da yatsu biyu za su shiga tsakanin igiya da wuya. Na ga masu ɗaura tsumma ko igiyar leda su ƙulle tam. Don Allah a daina.

Zaren nan mai ƙyalli an sa shi ne don direbobi su hango kyanwa da dare. A unguwarmu wani aikin daban ya yi. Ran da aka ɗauke wuta wani yaron maƙwabta ya haska tocila kan katanga, ya ga idanu biyu da farin da'ira a ƙarƙashinsu, ya zubar da kwanon tuwon da aka aike shi da shi ya ruga yana salati. Sai da na bi gidan na nuna wa uwarsa kwalar a hannu kafin maganar ta mutu.

Akwai wuri biyu da kwalar ba ta tsinana komai. Na farko 'ya'yan tsuntsu. Ɗan da ya faɗo daga sheƙa, fukafukinsa ba su yi ƙwari ba, ko ya hango kyanwa daga bakin zaure ba inda za shi. 'Yan tsaki ma haka, duk da uwarsu tana tare musu faɗa.

Na biyu shi ne babba: kyanwoyin da ba su da mai su. A bayan layinmu akwai bola, kuma da magariba za ka ƙirga maguna har ka gaji, ga wani jibgegen muzuru mai yagaggen kunne da ya gama da 'yan shilar maƙwabcinmu mai kiwon tattabaru. Wa zai kama wannan ya sa masa kwala? Binciken da Scott Loss da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya ƙiyasta kyanwoyi na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a kowace shekara a Amurka, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na wannan ɓarna aikin marasa gida ne. A tsibirin Marion na Afirka ta Kudu, kyanwoyi biyar aka kai a 1949 don su kashe ɓeraye a tashar duba yanayi, irin dalilin da ya sa na kawo Gimbiya. Zuwa 1977 sun kai kusan 3,400, suna cin tsuntsayen teku wajen 450,000 a shekara, kuma sai 1991 aka iya gamawa da su. Ban ce Zariya tsibiri ba ce. Tsuntsayenmu sun san kyanwar daji da shaho da maciji tun fil azal, ba irin na tsibiri ba ne da ba su taɓa ganin kyanwa ba. Amma kyanwar daji ɗaya ce a fili mai faɗi, in abinci ya yi ƙaranci ita ma ta ragu. Na cikin gari kuwa bola ce ke ciyar da su, suna ta haihuwa, ko tsuntsu ya ragu su ba sa raguwa. Kuma yawancinsu daga gidajenmu suka fito, 'ya'yan da aka sa a kwali aka kai bayan gari aka zubar. Shi ya sa na kai Gimbiya wajen likitan dabbobi aka yi mata aikin hana haihuwa. Ya fi kwalar tsada nesa ba kusa ba, amma sau ɗaya ake yin sa.

Abin da ya fi kwalar aiki a gidana bai ci ko kwabo ba. Tsuntsaye sun fi sauka da sassafe da kuma gab da magariba, don haka yanzu nake rufe Gimbiya a sito tun la'asar sakaliya, da ruwanta da abincinta da kaskon yashi, ba ta fitowa sai hantsi. Ga ɓeraye nan ta yi ta fama da su. Hajiya, mahaifiyar maigidan, ba ta so haka ba da farko.

"Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah. Ba ki ji hadisin matar da ta kulle kyanwa ba?"

Na ce, "Hajiya, na ji. Ai waccan ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba har ta mutu. Wannan kuwa zo ki ga kwanonta."

Ta leƙa ta ga kan kifi da romo, ta ce, "To, ai ta fi ni morewa," ta koma kan tabarmarta.

Kan kifin ma ba banza ba. A gwajin nan na Exeter, kyanwoyin da aka ba abinci mai nama sosai sun rage kawo farauta gida da kashi 36, waɗanda kuma ake yi wa wasan minti 5 zuwa 10 a kullum suka rage da kashi 25. Mu da muka saba zuba wa kyanwa ragowar tuwo mu ce ta ƙoshi, sai mu sake tunani. Wasan kuwa autana na bar wa, ya ɗaura gashin kaza a zare yana ja tana bi.

In za ku saya, ku saya don igiyar da maɓallinta, su ne ba a samu a kasuwarmu cikin sauƙi. Ƙyallen kuwa kar ku sake biyan kuɗin mota daga Legas a kansa. Na kai wanda ya koɗe wajen telan bakin layinmu, ya juya shi ya duba ciki da waje.

"Hajiya, wannan na wace yarinya ce?"

"Na kyanwa ne, Malam."

Ya yi dariya har ya ajiye almakashi, sannan ya jawo buhun ragowar atamfa ya ce in zaɓa. Na tsinci masu ja da ruwan lemo da ruwan ɗorawa, na bar kore da ruwan ƙasa tunda su sajewa suke da ganye da turɓaya. Ya ɗinka mini na canji, faɗinsu kamar yatsu uku, ya ninka bakin sau biyu don kar farce ya warware shi. Atamfa ta fi wancan riƙe launi, in ɗaya yana shanya ɗaya yana wuyanta. Ku dai gaya wa telanku kar ya sa roba a ciki, kar kuma ya haɗe bakin biyu ya zama zobe, domin in ya haɗe, maɓallin zai ɓalle amma ƙyallen ya riƙe wuyan.