Tails da allon kwafi mai riƙe abu ɗaya: sharhin mai amfani

Tails babbar manhaja ce da ake ɗorawa a kan filashi, a tayar da kwamfuta da ita, a yi aiki, kuma da zarar an kashe na'urar sai ta manta da duk abin da ya gudana. An gina ta a kan Debian, wani nau'in babbar manhajar Linux, tana bi da zirga-zirgar intanet ta hanyar Tor, tsarin da ke ɓoye daga inda mai amfani yake shiga intanet, ta fara fitowa a 2009, kuma sunanta ya bazu bayan da aka san cewa Edward Snowden, wanda ya fallasa asirin leƙen asirin Amurka, da 'yan jaridar da ya yi hulɗa da su a 2013 sun dogara da ita. A watan Satumba na 2024 masu kula da ita suka haɗe da ƙungiyar Tor. Na daɗe ina amfani da ita wajen fassara da gyaran takardun da masu su ba sa so su bar sawu a kwamfutar kowa, kuma wannan sharhi zai tsaya a kan abu guda da ya fi taɓa aikina na yau da kullum, wato rashin manhajar da ke adana tarihin abubuwan da mutum ya kwafa.

A Tails, kamar yadda yake a GNOME, tsarin fuskar kwamfuta da take amfani da shi, allon kwafi, wato wurin da kwamfuta ke ajiye abin da ka kwafa kafin ka liƙa shi, yana riƙe abu ɗaya ne kawai. Idan ka kwafi jimla, sannan ka kwafi wata, ta farkon ta tafi. Ga mai fassara wannan wahala ce ta gaske, domin a takarda ɗaya akan sami sunan hukuma mai tsawo da lakabin doka da wasu kalmomin fannu da ke maimaituwa shafi bayan shafi, kuma wanda ya saba danna maɓalli biyu ya ga jerin abubuwan da ya kwafa tun safe zai ji hannunsa ya yi nauyi. A farkon amfanina har haruffa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, nakan so in ajiye kusa, kafin na koma ga tsarin madannin Hausa da ke cikin zaɓuɓɓukan manhajar, wanda ya raba ni da wannan buƙata. Sauran wahalar kuwa tana nan, kuma ba na raina ta. Duk da haka ra'ayina shi ne masu Tails sun yi daidai da suka bar wannan manhaja a waje.

Hujja mafi ƙarfi da masu son a saka ta suke kawowa ita ce, tun da Tails tana goge komai idan an kashe ta, tarihin kwafin ma zai tafi tare da sauran, don haka babu abin tsoro. Gaskiya ne cewa Tails tana aiki ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, tana share ta lokacin rufewa, har ma idan aka zare filashin ana tsakar aiki takan kashe kanta nan take. Sai dai wannan kariya tana fara aiki ne bayan an rufe, alhali yawancin haɗarin da ke tattare da allon kwafi yana faruwa ne yayin da na'urar take kunne: wani ya leƙo ta bayanka, ko a karɓe kwamfutar daga hannunka kafin ka kai ga filashin, ko wata manhaja da aka yi wa kutse ta sami hanyar karanta abin da ke ajiye. A kowanne daga cikin waɗannan, bambancin da ke tsakanin abu ɗaya na ƙarshe da jerin duk abin da ka taɓa tun da ka zauna bambanci ne mai girma.

Ya kamata a duba irin abin da mai amfani da Tails yake kwafa. Adireshin shafukan onion na yanzu, wato shafukan da sai ta Tor ake shigarsu, haruffa 56 ne, babu mai haddace su, don haka kwafa ake yi a liƙa. Burauzar Tor da gangan ba ta adana tarihin shafukan da aka ziyarta, amma manhajar tarihin kwafi za ta sake gina wannan tarihin a gefe, ba tare da kowa ya nema ba. Tails tana zuwa da Electrum na ajiyar Bitcoin, wanda kalmomi 12 ne mabuɗin dukiyar da ke cikinsa, tana kuma zuwa da Kleopatra mai kulle saƙonni da buɗe su, inda saƙon da aka buɗe daga kulle yakan ratsa ta allon kwafi kafin ya isa inda za a karanta shi. Sannan ga KeePassXC mai ajiyar kalmomin sirri, wanda a tsarinsa na asali yake share allon bayan daƙiƙa 10. Wannan sharewa ba ta da amfani idan akwai wata manhaja da ta riga ta ɗauki nata kwafin, kamar yadda yaga rasit ba ya goge rubutun da takardar kabon ta sauke a shafin ƙasa.

Akwai maganin da aka tanada, domin KeePassXC yana sanya wa kalmar sirri wata alama da ke gaya wa manhajar tarihi kada ta adana ta, kuma Klipper, manhajar tarihin kwafi ta KDE, wani tsarin fuskar kwamfuta irin GNOME, tana mutunta wannan alama. Amma yarjejeniya ce da sai ɓangarorin biyu sun san da ita. Kalmar sirrin da aka kwafo daga saƙo, ko daga fayil ɗin rubutu, ko daga shafin intanet, ba ta ɗauke da wata alama. Na gwada wata irin wannan manhaja a kwamfutata ta aikin yau da gobe domin in ga abin da za ta tara, kuma da na buɗe jerin da yamma na tarar da lambar asusun banki, da lambar tabbatarwa da aka turo mini, da sakin layi guda na wasiƙar wani, duk a jere a fili. Manhajar ta yi aikin da aka ƙirƙire ta dominsa ne, ba ta da hanyar bambance abin da ya kamata ta manta.

Wani dalilin ya shafi ginin tsarin kansa. A tsohon tsarin nuni na X11 kowace manhaja da ke kunne tana iya karanta allon kwafi a duk lokacin da ta ga dama. Tails ta koma sabon tsarin nuni na Wayland a fitowa ta 5.8 a Disamban 2022, kuma a can ƙa'idar ita ce tagar da kake aiki a cikinta ce ake miƙa wa abin da ke allon. Manhajar tarihi ba za ta yi aiki ba sai an ba ta izini na musamman ta riƙa kallon allon daga bayan fage, wato sai an buɗe mata ƙofar da aka sha wahalar rufewa. Kamfanonin da ke yin manhajar wayoyi ma hanyar da suka bi ke nan. Da Apple ya fitar da iOS 14 a 2020 da sanarwar da ke bayyana duk lokacin da wata manhaja ta karanta allon, sai aka ga TikTok da wasu da dama suna yin haka a kai a kai. Android 10 ya hana manhajojin da ke bayan fage karantawa, Android 12 ya ƙaro sanarwa, Android 13 kuma ya fara share allon da kansa bayan kimanin awa ɗaya. Hatta Windows 10, da ya kawo tarihin kwafi mai ɗaukar abubuwa 25 a 2018, a kashe ya kawo shi, sai mai na'ura ya kunna da hannunsa. Zai zama abin mamaki a ce manhajar da aka gina don tsare sirri ta fi waɗannan sakaci.

Inda nake da ƙorafi a kan Tails shi ne ta tsaya a rashin tara tarihi, ba ta ƙara taki na gaba ba. Abu na ƙarshe da ka kwafa yana nan zaune har sai ka maye gurbinsa ko ka rufe, kuma babu wata alama a fuskar kwamfutar da ke tuna maka cewa akwai abu a allon. A nan Qubes OS, wanda Joanna Rutkowska ta assasa, ya fi burge ni. Yana raba aiki zuwa keɓaɓɓun ɗakuna, kowanne da allonsa, kuma kafin rubutu ya tsallaka daga wannan zuwa wancan sai ka danna Ctrl+Shift+C a ɗakin farko, ka danna Ctrl+Shift+V a na biyu, sannan allon tsakiya da rubutun ya bi ta cikinsa ya share kansa. Yana da gajiyarwa a farko, kuma Qubes na buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da ba kowa ke da ita ba, amma kowane motsi na rubutu da saninka yake faruwa. Abin da zan so a Tails ƙarami ne a kan wannan: agogon da zai share allon bayan ɗan lokaci ga kowace manhaja, da wata 'yar alama a saman fuska da za a danna a share shi nan take.

A aikina na sami mafita mai sauƙi. Ina buɗe fayil ɗin rubutu a gefe, in zuba kalmomin da zan maimaita a ciki, in riƙa ɗauka daga nan. Ya fi jinkiri, amma ni nake zaɓar abin da zai shiga, kuma kalmar sirri ba ta taɓa faɗawa ciki da kanta ba. Wanda aikinsa ya fi ƙarfin wannan dabara yana da hanya, domin Tails tana ba da damar buɗe ma'ajiyar dindindin mai kulle a kan filashin, a kuma zaɓi ƙarin manhajoji daga rumbun Debian da za su riƙa hawa duk lokacin da aka tayar. Mutumin da ya bi waɗannan matakai ya san abin da ya saka, zai iya rage tsawon jerin, ya hana rubuta shi a ma'ajiya. Ɗan jarida ko mai fafutuka ko matar da ke gudun mai bibiyarta, waɗanda aka miƙa wa filashi aka ce wannan zai kare su, galibinsu ba za su taɓa shiga saituna ba, kuma da su ya kamata a auna abin da zai zo a kunne tun daga farko.