Brooklyn ko The Immigrant: wanne ya dace da ranar marka?

'Yar'uwa, kin ce gari ya lulluɓe, marka ta hana fita, ga fina-finai biyu masu ba da labarin zamanin da a hannunki, Brooklyn da The Immigrant, kin rasa wanda za ki kunna. Ki kunna Brooklyn. Ɗayan ki ajiye shi sai ranar da gari ya washe.

Daga nesa sai ki ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kowanne labarin budurwa ne da ta baro Turai a jirgin ruwa ta sauka New York, kowacce tana da 'yar'uwar da take ji kamar ranta, kowacce kuma ta tsinci kanta tsakanin maza biyu. Amma tun a bakin ƙofar shiga Amurka hanya ta rabu, kuma tari ne ya raba ta.

A Brooklyn, wanda John Crowley ya ba da umarni ya fito a 2015, Eilis (Saoirse Ronan) ta taso daga garin Enniscorthy na ƙasar Ireland a farkon shekarun 1950. Wata gogaggiyar matafiya da suka haɗa ɗaki a jirgi ta gyara mata fuska, ta ce ta miƙe tsaye sosai a gaban jami'an shige da fice, kuma komai wuya kada ta yi tari. Ba ta yi ba, ta wuce. A The Immigrant na James Gray, na 2013, shekarar 1921 ake ciki. Ewa (Marion Cotillard) da 'yar'uwarta Magda sun iso tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi a New York, daga Poland, Magda na ta tari, likitoci suka zare ta daga layi suka killace ta saboda ciwon huhu. Duk abin da Ewa ta yi bayan nan, neman kuɗin fito da ita ne.

Ita Eilis da gatanta ta zo. Wani limamin coci ɗan ƙasarsu ya sama mata aiki a babban kanti, da masauki a gidan wata dattijuwa mai ba 'yan mata haya, har da makarantar dare inda take koyon aikin akanta. Ciwonta kewar gida ne, kuma fim ɗin bai raina wannan ciwon ba. Wasiƙa ta zo, ta karanta, ta kasa yi wa masu sayayya murmushi. Sai ga Tony, mai gyaran famfo ɗan asalin Italiya. Ranar da zai kai ta gidansu cin abinci, sai da 'yan matan gidan hayar suka zaunar da ita suna koya mata naɗe taliya da cokali mai yatsu, don kada miya ta fallatsa ta ji kunya. Teburin cin abincin gidan hayar nan, da dattijuwar mai gidan (Julie Walters) a kansa tana tsawatar wa 'yan mata kan gulma, shi kaɗai ya isa ya sa ki manta da yayyafin waje. Daga baya wani rashi ya mayar da ita Ireland, inda Jim, saurayi mai natsuwa da rufin asiri, ya fito. Ba zan faɗa miki wanda ta zaɓa ba. Abin da ke cin rai shi ne babu mugu a cikinsu, duk inda ta juya akwai wanda za ta saka kuka.

Ewa kuwa ba ta da wannan zaɓin. Bruno (Joaquin Phoenix) ya fitar da ita daga tsibirin, ya kuma jefa ta cikin karuwanci yana cewa sonta yake. Ɗan'uwansa Emil (Jeremy Renner), mai wasan rufa-ido, ya zo da alkawura masu daɗi. Ni dai ba na iya kiran wannan soyayya, ko da yake wasan Cotillard ya kai a jinjina mata, Bafaranshiya ce amma ga ta tana zuba yaren Poland. Hotunan ma launin ƙasa-ƙasa ne da duhu daga farko har ƙarshe. Ki haɗa shi da hadarin da ke waje, sai ki tashi jiki a mace. Brooklyn yana farawa da sanyi da danshi, sannan launuka su riƙa buɗewa, har a kai bakin teku a Coney Island rana na haskawa.

Brooklyn ya shiga takarar Oscar a rukuni uku, har da na gwarzon fim, kuma bai kai awa biyu ba. Akwai wuri ɗaya a cikinsa da za ki so a ce yara ba sa kusa. The Immigrant kam gaba ɗayansa na manya ne. Ki kunna rubutun ƙasan allo tun daga farko, don Turancin mutanen Ireland sai kunne ya saba.