Shekara biyu a rawdar gwamnati: abin da na gani a Mai Wurno

Mu a gida Hausa muke yi, makaranta kuwa da Larabci take. Wannan ne ya sa na kai 'yata rawdar gwamnati, wato makarantar ƙananan yara kafin aji ɗaya, da ke jikin makarantar firamare ta unguwarmu a Mai Wurno, nan Jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, tun tana shekara huɗu. Yayanta halwa kaɗai ya yi, wato makarantar allo. Ya iya rubutun allo, ya haddace surori, amma da ya shiga aji ɗaya yana shekara shida, sai malami ya yi magana ya tsaya yana kallonsa. Kusan shekara guda ya kwashe kafin kunnensa ya buɗe, lissafi kuwa har yau yana ba shi wuya.

Ita ma farkon ba daɗi. Ranar farko ustaza ta durƙusa gabanta ta ce "ismik minu?", wato tana tambayar sunanta, yarinya ta ƙanƙame mayafina ta ƙi cewa uffan. Sati uku tana zaune a gefen tabarma da ɗan kwanon wakenta na faɗur, wato karin kumallo, ba ta kula kowa. Ustazar nan, Allah ya saka mata, ba ta taɓa daka mata tsawa ba. Da waƙa ta ja ta, da ƙirgen ƙwallayen dabino a ƙasa. Wata rana da la'asar na ji ta a bakin randa tana ƙirga kofuna da Larabci har goma, sai da na ajiye tsintsiya na saurara.

Aibin wurin ba a ɓoye yake ba. Na taɓa ƙirga yara fiye da arba'in a hannun mace ɗaya, kayan wasa 'yan kaɗan, ban-ɗaki kuma da na 'yan firamare ake haɗawa. Sunan ta gwamnati ce, amma kowane wata sai iyaye mun yi karo-karo na alli da ruwa. Bikin yaye yara shi ya fi ɓata mini rai: riga ta musamman, hoto, lemo, kuɗin da ya isa a sayi littattafan aji guda.

Duk da haka, da ta shiga aji ɗaya tana gane haruffa, tana ɗaga hannu, sakamakonta na farko ya fi na yayanta nesa ba kusa ba. Ban raba ta da halwa ba, da yamma tana zuwa da allonta.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu, ƙaninta ya kai shekara shida bai taka rawda ba. Yanzu ita ce ke zaunar da shi a tsakar gida da ƙwallayen dabino, tana tambayarsa sunansa da Larabci.