Bulon Katako Ko Kwamfutar Hannu: Me Za Ki Saya Wa Ɗan Shekara Uku?

In abu ɗaya kuɗinki zai iya saya don buɗe wa yaro kai kafin ya shiga firamare, ki sayi bulon katako. Ba ya waƙa, ba ya walƙiya, duk aikin yaron ne zai yi. Zai ɗora, ginin ya rushe, ya sake, har ya gano da kansa cewa babban ne ke zama a ƙasa. Lissafi ma a nan yake shigowa: wanne ya fi tsawo, ƙanana biyu sun kai babba ɗaya? Ke dai ki zauna kusa ki tambaye shi, "Me ya sa ya faɗi?" kada ki gyara masa. Yau ya mai da bulon mota, gobe shago. Duplo, bulon roba na kamfanin LEGO, wanda ke kasuwa tun 1969, shi ma yana yi, don ya ninka LEGO na manyan yara girma, sai dai tsada, in ba a gwanjo aka dace ba.

Kwamfutar hannu? Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana. Katin ABC kuwa haddar aku ce.

Inda ake cutar mutane wajen sayen bulo shi ne jabu. An taɓa sayar mini da wani mai sheƙi, rannan na ga leɓen ɗana ya yi kore shar. Tun daga nan sai na jiƙa tsumma na goga a gaban mai shagon. In launi ya fita, na ajiye. Fenti mai arha yakan ƙunshi dalma, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinare, wadda ko kaɗan ce tana dakushe ƙwaƙwalwa. Tambarin CE, alamar cika ƙa'idar Turai, a jikin kwali kada ya ruɗe ki, masu jabu ma suna bugawa. Ki buɗe, ki shinshina, ki shafa gefen ko da sartse. Duk abin da zai shige bakin yaro gaba ɗaya ki bar shi, balle mai maganaɗisu ko ƙaramin batir mai kamar kwabo, wanda in aka haɗiye yake ƙona maƙoshi cikin awa biyu.

In kin rasa na kirki, kafinta zai yanka miki daga ragowar katako. Ki ce ya goge da samfefa sosai, kuma kada ya shafa fenti.