GARGAƊI ga masu tara sojojin dalma: ku yi hattara da mai tallan mayaƙan sa-kai na 1775

Salam 'yan uwa masu tara 'yan sojojin nan na fenti, don Allah ku tura wa na kusa da ku. Akwai wani ɗan damfara da ke zagaya guruf-guruf na Facebook, yau wannan suna gobe wancan, yana tallan saiti na mayaƙan sa-kai na Amurka, wato manoman Massachusetts da suka tari sojojin Ingila a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu 1775. Wai gadon kakansa ne, wai kuɗin asibiti yake nema shi ya sa ya karya farashi, kuma kullum akwai "wani" da zai biya anjima in ba ka yi sauri ba.

To ga inda ƙaryar ta fito fili. Cewa yake kamfanin Britains ne ya zuba su da dalma, masu rami a ciki, a 1975 don cikar yaƙin shekara 200. Haba malam! Britains sun fara irin wannan zubin a Landan a 1893, sun kuma daina shi a 1966 saboda dokar da ta hana dalma a kayan wasan yara, to ta ina sojan dalma mai rami zai fito daga wajensu a 1975? Wanda bai san wannan ba shi yake nema.

Kuma salon nasa biyu ne. Wasu ba ya aiko musu komai, hotunan ma na shafukan gwanjo ne ya kwaso, ka saka ɗaya a Google Lens za ka gan shi a inda aka sato. Wasu kuwa yana aiko da kaya, amma kwafi ne da aka zuba daga jikin wani soja aka shafe da sabon fenti, kuma wallahi wannan ya fi ban haushi don sai ka ajiye shi a kabad kana nuna wa baƙi kana alfahari. Na asali ba shi da nauyi tunda cikinsa fanko ne, galibi za ka ga ɗan ƙaramin huji a ƙoƙon kai inda aka tsiyaye dalmar, tsayinsa wajen milimita 54. Kwafin ya fi nauyi, yakan ɗan kasa tsayi, fuska da maɓallan riga duk sun dushe, rubutun da ke ƙarƙashin gindi ma da ƙyar yake karantuwa. Fentin kuwa ka haska shi da tocilan ɗin duba jabun kuɗi, sau da yawa inda aka yi ciko yana fitowa daban.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan watan ranar a takarda, ya ajiye kusa da sojojin ya ɗauka, ya juya ɗaya ka ga ƙasansa, ya ɗora shi a sikeli. Nan zai fara cewa kyamararsa ta lalace ko kayan suna gidan ƙanwarsa.

Maganar biya kuma, nacewa yake sai Western Union ko PayPal ta Friends and Family, don ya san wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye, kuɗi in sun tafi sun tafi kenan. Ka biya ta PayPal Goods and Services kawai, wato hanyar da ke da kariyar mai saye, in ya ƙi ka bar masa kayansa. Wanda ya riga ya yi hira da shi ya ɗauki sikirinshot tun bai goge ba, ya kai rahoton akawun ɗin, ya kuma turo wa admin mu haɗa sunayen da yake canjawa wuri ɗaya.