Gargaɗi ga masu haɗa akwatin sifika: ku kula da masu sayar da fallen katako na bogi

Akwai wasu dillalai a Facebook da WhatsApp da ke tallar siririn fallen katakon da ake liƙa wa akwatin sifika, wanda ake kira biniya. Sukan ɗora hoton katakai masu tsada irin su Macassar ebony ko rosewood ko zebrano, su ce an karya farashi, a tura kuɗi duka kafin kaya su taso. In ka nemi samfur sai su aiko maka da ɗan guntu na gaske. Kayan da za su iso daga baya daban ne.

Yawanci abin da ke zuwa katakon haɗi ne. Ana yanka farin itace mai araha irin obeche ko poplar, a rina shi, a manna falle kan falle da gam ya zama dunƙule, sannan a sake yanka shi ta gefe, sai ratsin ya fito kamar na ebony. Shi kansa ba aibu ba ne, kamfanoni na sayar da shi da sunansa. Zambar ita ce a karɓi kuɗin na asali a kansa. Mafi muni, wani lokaci takarda ce ko ledar PVC da aka buga wa hoton katako.

Faɗi shi ne ya fi saurin tona musu asiri. Macassar ebony daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya yake fitowa, kuma fallayensa ba su da faɗi sosai. Wanda ya miƙo maka faffaɗan falle mai ƙafa takwas tsawo, babu mahaɗa, babu gaɓa, ratsi a miƙe kamar da rula aka ja, to ba daga gungume ɗaya aka yanko shi ba. Na asali a jere yake zuwa yadda aka yanka shi, kowane falle na kama da na kusa da shi amma zanen na ɗan gusawa. In na farko da na ashirin iri ɗaya ne sak, ka ajiye.

Sai kauri. Wanda aka saba sayarwa kusan milimita 0.6 ne. Na ’yan damfara kan sauka rabin haka, an manna masa takarda a baya don ya cika hannu. Ka goga samfefa mai lamba 180 a kusurwa kaɗan, nan da nan takardar za ta leƙo. A kan akwati kuwa gefuna ne ke fara cinyewa, kuma babu gyara sai ɓarewa. In kana zargin leda ce, yanki ɗan ƙyalle ka kusanta shi da ashana: katako toka yake yi, leda narkewa take da wari.

Duk wanda ya ce yana da rosewood na Brazil sabon yanka, ka bar shi. Tun 1992 itacen ke rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. A 2017 sauran dangin rosewood suka shiga rukuni na biyu, wanda sai da takardar izini ake fitar da kayansa, har da madobiyarmu da aka yi ta sarewa ana kai wa Sin. Ga kuma Santos rosewood na Bolibiya, wanda kyakkyawan katako ne amma ba rosewood na ainihi ba ne, kada a caje ka kamar shi.

Batun cewa falle mai tsada na gyara sauti kuwa, zance ne kawai. Milimita 0.6 a kan allon MDF (allon garin katako da aka matse) mai kaurin milimita 18 ado ne. Sauti yana ga girman akwati, da tokaren ciki, da toshe duk inda iska ke zurarewa.

Ku lura da awo ma. Sifika biyu masu tsawon santimita 100, faɗi 22, zurfi 30, suna cin kusan murabba’in mita 2.3, amma da asarar yanka da daidaita zane ka sayi 3, duk daga ƙunshi ɗaya. Wasu na cike ƙunshin da fallayen wani gungume a tsakiya, sai an shafa banish ka ga akwatin dama ya fi na hagu duhu. Ka nemi bidiyon da ake buɗe fallayen ɗaya bayan ɗaya da lambarsu, a nuna maka bayan kowanne, ka biya kafin alƙalami kawai, sauran sai ka warware kayan ka auna da hannunka.